Kurkunun da Ya Bi Ni Kurmin Kamaru

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya bar mini ƙafata ta hagu. Da ita nake zuwa masallaci yau, da ita nake durƙusawa, kuma duk sa'ad da na naɗe wando zan yi alwala nakan ga ɗan tabon nan a bayan idon sawu, kamar wurin da garwashi ya taɓa. Jikokina sukan tambaye ni ko maciji ne. Ba maciji ba ne, kurkunu ne. Kuma ba a Ƙaraye ya fito mini ba, sai a wani ƙauye can cikin kurmin Kamaru, inda ba wanda ya taɓa ganin irinsa.

Masu tasowa yanzu ba su san kurkunu ba, alhamdu lillahi. Wata irin tsutsa ce fara, siririya kamar zaren abawa, tsawonta yakan kai tsawon hannun mutum ko ya wuce. Yana zaune a jikinka ba ka sani ba, sai lokacinsa ya yi ya huda fata ya leƙo, galibi a ƙafa, galibi da damina, daidai lokacin da gona ke neman mai ita. Magani ɗaya muka sani a wurinmu: a kama kansa a naɗe a tsinke, kullum a juya kaɗan, in ya turje a ƙyale shi sai gobe. Ba a ja. In ya tsinke, ragowar takan koma ciki ta mutu, ƙafa ta kumbura ta tara mugunya. Abin da ya sami Kawu Sale ke nan, ƙanen mahaifiyata da ke Rogo Ruma. Ya gaji da zama, shanu na jiransa, ya fizga. Wanzami ya yi ta yi masa sakiya har ƙafar ta warke, amma gwiwa ta sanƙare. Tun ina yaro nake ganinsa yana salla ƙafa a miƙe kamar taɓarya, mutumin da a da ba a kamo shi a tafiya.

Ni ɗan koli ne. Shekarun da suka biyo bayan farin nan na tsakiyar shekarun tamanin, ciniki ya mutu a kasuwanninmu, aka ce mini a Gabon allura ma daraja gare ta. Kaka ta same ni a Garwa, ni kaɗai, da jakar soja mai igiya biyu da na saya a gwanjo, irin wadda ake goyawa a baya. A cikinta akwai allura da zare, kwalli, madubai, zobba da 'yan kwalaben turare. Buta na rataye a gefe, buzuna na naɗe a sama. Garwa ba ta ba ni wuya ba, domin Fillancin da na sha a nono ya ci da ni. Ina shiga gida-gida, in sayar, in sake sari, in ƙara gaba.

A Ngaundare na daɗe fiye da yadda na yi niyya. Igiyar jakata ɗaya ta tsinke a tsakiyar kasuwa, madubai suka farfashe, turare ya zube cikin kwalli, sai da na yi dako a tashar jirgi kafin na mayar da abin da na rasa. Daga nan jirgin ƙasa ya kai ni Yawunde. A can na fara jin cewa na bar ƙasarmu da gaske. Sama kullum a rufe, ƙasa ja, itatuwa ba kuka ba tsamiya ba ɗorawa. Na sauka a unguwar Hausawa, wani mai shayi Bakatsine ya bar ni ina ajiye jaka a bayan teburinsa. Shi ne ya fara lura ina sosa ƙafa.

Ya ce ko takalmi ne. Ni ma na ce takalmi ne. Wurin ya ɗan tasa, yana ƙaiƙayi, in na shafa sai in ji kamar wata 'yar igiya a ƙarƙashin fata. Zuciyata ta faɗa mini sunansa, na ƙi saurarenta. Na ce ai na kusa shekara rabona da gida, yaya kurkunun Ƙaraye zai san hanyar Yawunde? Mai shayin ya ce in dakata in ga abin da ƙafar za ta yi. Na yi masa godiya, na ce Gabon ta kusa.

A Ebolowa na shiga wata mota mai jikin katako da za ta kai mu bakin iyaka. Kaya a ƙasa, mutane a kan kaya. Ruwan sama ya lalata hanya, mota ta kafe mu sauka mu tura, ta tashi mu hau. Tun kafin hantsi wurin ya yi bororo, ya kama zafi kamar an ɗiga mini tafasasshen mai. Jiri ya ɗebe ni, na yi amai ta gefen mota. Wajen azahar, muna cikin turi, bororon ya fashe. Na zauna a bakin hanya na share taɓo, sai ga shi nan, ɗan farin kai kamar bakin zare, yana leƙowa.

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe kai ne."

Wata mata da ke kusa da ni ta gani, ta ja 'yarta ta yi baya. Kafin wani lokaci magana ta zaga motar. Ban ji abin da suke cewa ba, amma na ga wurin da nake zaune yana ta ƙara faɗi. Da muka iso wani ƙauye, direba ya tsaya, ya sauko da jakata da kansa, ya nuna mini wani gini mai rufin kwano da allo a gabansa. Da guntun Hausar da ya tsinta a tasha ya ce, "Asibiti, asibiti. Likita. Mu jira." Ni ajami na iya, allon kuwa da boko aka rubuta shi, bokon ma na Faransanci. Na gode masa har da addu'a. Na ɗingisa na isa ginin, na tarar da ƙofa a kulle, na leƙa ta taga, ba komai sai buhunan banza da sikeli. Rumbun sayen amfanin gona ne. Ina juyowa na ji motar ta ba da wuta.

Na zauna a barandar rumbun na miƙe ƙafa. Mutane suka taru nesa-nesa suna kallo. Na yi musu sallama da Hausa, shiru. Na gwada ɗan Larabcin makaranta, shiru. Ƙishi ya dame ni, butata ta ƙare. Ban san lokacin da bakina ya koma harshen mahaifiyata ba, na ce, "Ndiyam," wato ruwa.

Sai wani mutum gajere mai faɗin ƙirji, da adda a hannu, ya kece da dariya, ya amsa mini da Fillanci mai kauri kamar an dama shi da yawa. Ya ce, "Kai, Modibbo, me ya kawo Bafillace nan? Shanunka sun ɓata ne?"

Sunansa Antuwan. Tsohon soja ne, ya yi shekaru a barikin Garwa, can ya koyi Fillanci, can kuma ya koyi kiran duk mai carbi Modibbo. Ni kuma na riƙa kiransa Soja. Duk maganar da za ku ji mun yi da shi, da Fillanci muka yi ta. Ya kawo mini ruwa, ya tsuguna ya dubi ƙafar, ya daina dariya. Na ba shi labarin direba, ya zagi direban da zagin da ba zan maimaita ba. Ya ce asibitin mishan na da nisa, gada kuma ruwa ya ci, sai dai ma'aikacinsu yakan zo a babur in hanya ta yi kyau. Ya saɓa jakata, ya ba ni kafaɗa, muka nufi gidan mahaifiyarsa.

Mama Salome tsohuwa ce 'yar ƙarama, bakinta ba ya rabo da lofe. Ta tsaya a ƙofar madafa ta dube ni, ta dubi ƙafar, ta yi alamar addininsu a goshi da ƙirji, ta yi wa ɗanta faɗa mai tsawo. Na tambaye shi me ta ce. Ya ce ta ce sannu da zuwa. Na ce, Soja, sannu da zuwa ba ta kai wannan tsawon ba. Ya ce to, ta ce ya kwaso mata wanda aka yi wa jifa, in abin ya fita daga jikina ya shiga awakinta shi zai biya. Duk da haka ta share mini wata 'yar rumfa a jikin madafar, ta shimfiɗa mini gadon gora.

Washegari da safe na nemi ashana. Na zauna a bakin rumfar inda haske yake, na jiƙa wurin da ruwa, na jira. Kan ya fito kamar tsawon gaɓar yatsa. Na yi bisimilla, na kama shi a hankali na ɗora a tsinken ashana, na juya sau ɗaya. Na sake juyawa. A na uku na ji ya turje, sai na tsaya, na shafa man kaɗanya da nake da shi a ɗan gwangwani, na yagi gefen rawanina na ɗaure tsinken a jikin ƙafa. Ban taɓa yi da hannuna ba sai ran nan. Mahaifiyata na gani tana yi wa babanmu, kamar yadda take kaɗi, ba ta ko kallon mazari, yatsunta ne ke ji.

Rabin ƙauyen na tsaye a kaina. Antuwan ya ce, "Shi ke nan? Aikin yau ya ƙare?"

Na ce ya ƙare.

Ya tambayi tsawonsa, na nuna masa daga kafaɗa zuwa yatsa. Ya yi lissafi a ka, sannan ya shiga ɗaki ya fito da filaya. Ya ce shi a soja ya cire wa mutum harsashi, ya cire ƙaya, ya cire haƙori, wannan zaren ba zai gagare shi ba, in rufe ido kawai. Na rufe ƙafar da hannu biyu. Na ba shi labarin Kawu Sale tun daga farko, na miƙe ƙafata na nuna masa yadda take. Na ce masa, "Soja, ni ba ni da shanu, ba ni da shago. Ƙafar nan ita ce jarina. In ta sanƙare a nan, ko gida ba zan iya kai kaina ba." Ya fassara wa mutanen. Ya mayar da filayar aljihu, amma na ga bai gamsu ba.

Zafin kurkunu ruwa ne kaɗai ke kwantar da shi. A wurinmu, mai kurkunu yakan ja jiki ya tafi bakin tafki ya tsoma ƙafa, ya zauna yana taɗi da masu ɗiban ruwa. Haka kowa ke yi, haka na ga an yi tun da na yi wayo. Saboda haka da rana ta yi tsaka, ƙafa ta ɗau wuta, na roƙi Antuwan ya kai ni marmaron da na ga mata na gangarawa da tuluna. Ya ɗaga ni ke nan sai Mama Salome ta tare hanya da muciya a hannu. Ta ce ruwan nan sha ake yi, ko kare ba a bari ya taka shi, balle ƙafar da ke haihuwar tsutsa. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata wannan tsohuwa ba ta da tausayi. Na koma na kwanta na juya wa ƙofa baya. Can sai na ji an ajiye abu. Daro ne cike da ruwan sanyi, ita ta ɗauko shi a ka tun daga gangare. Da na gama, ta ɗauke shi da kanta ta kai bayan madafa ta zubar a kan toka. Haka ta riƙa yi kullum, tana yi tana mita.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Da safe in jiƙa, in juya, in ɗaure. Wata rana ya ba ni tsawon yatsa, wata rana ko ƙwayar shinkafa ba ya bayarwa. Antuwan kan leƙo kafin ya tafi gona ya ce, "Modibbo, yaya ɗan garinku ya kwana? Ka gaya masa kuɗin haya na taruwa." In ce masa baƙo ne mai kunya, sai an lallashe shi. Mama Salome kuwa takan zauna a kan turmi da lofenta, nesa kaɗan, kamar ba ni take kallo ba.

Rana ta farko naman daji aka kawo mini, na ba da haƙuri na ci ayaba kawai. Antuwan ya yi mata bayani. Washegari na ga sabuwar tukunya a murhu, ta ware mini ita, ba a sa komai cikinta sai gwaza, busasshen kifi da miyar gyaɗa. Gyaɗarsu ƙanana ce, ba ta kai tamu mai ba, amma ranar da na fara jin ƙanshinta ana suya sai da na rufe fuska da rawani. Na san a lokacin ruwa ya sauka a wurinmu, Unguwar Hajji ta Ƙaraye, an gama shuka, ana noman fari, gonar babanmu tana hannun ƙannena. Ga ni nan kwance inda rana ba ta fitowa sosai balle in san gabas, sai da Antuwan ya kafa mini kara ya ce in fuskanci nan. A zaune nake salla, ƙafa a miƙe, in shafi saman ɗaurin da jiƙaƙƙen hannu. Duk lokacin da na sunkuya sujada sai in ga Kawu Sale.

Ina tsammani an kusa naɗe rabin kurkunun sai zazzaɓi ya kama ni, na sauron kurmin nan. Ya fara da rawar ɗari da la'asar. Washegari da safe na kwance ɗaurin, na ga hannuna na karkarwa kamar ganye. Na san in na taɓa tsinken a haka zan tsinka shi. Na kuma san in aka bar shi ba jiƙawa, wanda ke waje zai bushe ya karye da kansa, tsinken ashanar ma ya fara ruɓewa saboda mai. Ko ta ina na duba, rasa ƙafar zan yi. Na kira Antuwan na kama hannunsa.

Na ce, "Soja, na haɗa ka da Allahn da kake bauta wa, kada ka taɓa shi. Ko me ka gani."

Ya ce, "To wa zai taɓa?"

Na ce a dai riƙa ɗiga masa ruwa. Na mayar da al'amarina ga Allah, na kwanta. Abin da ya biyo baya ban san shi ba sai gutsattsari. Na ga tafkin garinmu, na ga mahaifiyata tana kaɗi a bakin ruwa, zaren na fitowa daga ƙafata. Na ji ƙarar babur. Na ji an soka mini allura a ɗuwawu. Na ji ana faɗa a kaina da harshen da ban sani ba.

Da na farka hantsi ne, jikina ya jiƙe da gumi, kaina ya yi sakayau. Abu na farko da ya faɗo mini shi ne ƙafa. Ban iya dubawa ba. Na kwanta ina kallon rufin rumfa, ina sauraren ƙafar, ko zan ji nauyin kumburi, ko bugun mugunya. Na motsa babban yatsa, ya motsa. Na ja gwiwa a hankali, ta lanƙwasu. Sannan na tashi zaune na duba.

Ba ƙyallen rawanina ba ne a wurin, farin bandeji ne. Na kwance shi. Tsinken ashana babu shi. A madadinsa wani tsinken tukurwa ne, an fere shi sumul, an yi masa 'yar tsaga a baki, kurkunun na naɗe a jikinsa layi-layi, a tsare kamar zare a mazari, ya yi kauri fiye da yadda na bar shi nesa ba kusa ba. Ɗanye shar, yana sheƙin mai. Bai tsinke ba.

Na daɗe ina cewa alhamdu lillahi kafin na lura Antuwan na tsaye a bakin rumfa, bayan hannunsa a kumbure. Na ce, "Soja, ba na haɗa ka da Allah ba?"

Ya ce, "Ni? Dubi hannuna."

Ya zauna ya ba ni labari. Ya ce da ya ga na fita hayyacina, abin kuma ya fara bushewa, sai ya ce gara ya gwada da a zuba ido. Bai ɗauko filaya ba, yatsa kawai ya miƙa. Bai ankara ba sai jin muciya ya yi a bayan hannu. Tsohuwa ta ture shi ta zauna a wurin, ta ajiye lofe, ta aika a kawo ruwa. Ashe duk safiyar nan da take kan turmi, hannuna take kallo. Ta jiƙa, ta jira kamar yadda nake jira, ta juya, ta tsaya a inda nake tsayawa. Da ta ga tsinken ashana zai karye, ta fere na tukurwa, ta warware abin a hankali ta mayar da shi kan sabon, aikin da ya ci mata wuni guda, ba ta ko dafa abinci ba. Man kaɗanyata ya ƙare, ta sa manja. Da ma'aikacin asibiti ya samu hanya ya zo, ya yi mini allurar zazzaɓi, ya wanke bakin ciwon, ya duba naɗin ya ce a ci gaba a haka, ya bar musu bandeji.

Sai ga Mama Salome ta shigo da daro a ka. Na ce wa Antuwan ya tambaye ta yaya aka yi ta san inda ake tsayawa. Ta sauke daron, ta cire lofe daga baki.

Antuwan ya fassara: "Ta ce shekara nawa tana zare hanjin kaza, ba ta taɓa fasa matsarmama ba. Ta ce kuma ka daina kallonta haka, ka miƙo ƙafar, tana da aiki."

Na miƙa mata. Daga ranar ban sake taɓa tsinken ba. Hannunta ya fi nawa, kuma na ga ta riga ta ɗauki abin nata. In ya turje takan yi masa faɗa ƙasa-ƙasa, kamar yadda take yi wa awaki.

Da ma'aikacin asibitin ya dawo duba ni, saurayi ne mai natsuwa, ya taɓa aiki a arewacin ƙasar inda ake da ciwon. Ya tambaya ta bakin Antuwan ko na sa ƙafar a ruwan da ake sha. Aka ce tsohuwa ta hana. Ya juya ya yi mata wata magana, ta ɗaga kafaɗa. Sannan ya yi mini bayani cewa a ruwa ake shan kurkunu. In mai shi ya tsoma ƙafa, yakan zubar da 'ya'yansa a ciki, wanda ya sha sai baɗi war haka ya ga nasa. Ya ce wanda ke ƙafata, a ruwan garinmu na sha shi kafin in taso, ya biyo ni mota da jirgi. Ya ce ko ƙyalle mai tsabta aka tace ruwa da shi ya isa. Mu a wurinmu cewa ake a jini yake, wasu su ce gado ne. Na zauna ina tuna bakin tafkinmu da damina, masu ɗingishi a jere ƙafafu cikin ruwa, mata na cika tuluna a gefensu, ana gaisawa ana yi wa juna sannu. Na tuna yadda raina ya ɓaci ranar da aka tare ni da muciya. Na dubi yaran ƙauyen da ke wasa a tsakar gida, ƙafafunsu lafiya lau.

Ranar da ya ƙare ba a yi wani shiri ba. Safiya ce kamar kullum. Ta jiƙa, ta juya, ta sake juyawa, sai na ji wani abu ya sulale, zafin da na saba da shi ya ɗauke. Ta ɗaga tsinken sama. Ga wutsiyar nan, siririya, da 'yar lanƙwasa kamar ƙugiya. Wutsiyar nan ita ce shaida, duk ɗan Ƙaraye ya san haka, in ka gan ta babu saura a ciki. Na ce wa Antuwan ya duba. Ya duba, ya cire hularsa ya sara wa tsinken irin ta soja, ya ce, "Sauka lafiya, ɗan garinsu." Mama Salome ta zaga da shi gida-gida ta nuna wa duk wanda ya ce jifa ne, sannan ta dawo ta jefa shi a murhu.

Bakin ciwon bai daɗe ba ya rufe. Azahar ɗin da na fara yi a tsaye, na yi ruku'u, na sauka a kan gwiwoyina biyu, na naɗe ƙafar hagu na zauna a kanta, ban san iyakar lokacin da na ɗauka a zaman nan ba. Na roƙa wa tsohuwar nan duk alherin da na sani.

Da zan tafi na zazzage jakata a gabanta na ce ta zaɓa. Ta ture turare, ta ture zobba, ta ɗauki allurai da madubi ɗaya, ta duba fuskarta ta yi tsaki. Ta ƙulla mini soyayyiyar gyaɗa a ganye. Antuwan ya kai hannu zai ɗauki jakar, na ce a'a, yau ni zan goya. Muka taka har bakin hanya, gaban rumbun nan mai allo. Ya ce in na ga direban nan in gaishe shi. Na ce na yafe masa, da bai yar da ni a nan ba, da a hannun wa zan faɗa?

Na shiga Gabon, na yi ciniki gwargwado, shekara ta zagayo na komo gida. Abin da na fara yi bayan gaisuwa shi ne na ɗaure bakin randar gidanmu da farin ƙyalle. Aka yi mini dariya, aka ce Yahuza ya je Gabon ya dawo da tsirfa. Ban damu ba. Daga baya ma'aikatan lafiya suka zo da irin wannan magana, har ciwon ya ƙaura daga ƙasarmu.

Kwana kaɗan da dawowata na tafi Rogo Ruma gaida Kawu Sale. Na same shi a gindin ɗorawa, ƙafa a miƙe, yana tufka igiya. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen can, ya tambaya ko suna da shanu. Labari ya riga ni isowa. Ya ce in matso. Na naɗe wando, ya sa babban yatsa ya shafa tabon, ya daɗe yana shafawa.

Ya ce, "Bai tsinke ba?"

Na ce, "Bai tsinke ba, Kawu."

Ya tambayi wanda ya naɗe mini, na gaya masa wata tsohuwa ce Kirista, ba ta jin harshena, ba na jin nata. Ya jinjina kai, ya ce Allah Ya saka mata, ya tambayi sunanta ya maimaita har ya zauna masa a baki.

Sannan ya ajiye igiyar ya ce, "Lanƙwasa in gani."

Na tsuguna a gabansa, na miƙe.

Ya ce, "Sake."